Kwamfutar da Ta Zo a Cikin Lefe

A littattafan da na tashi da su, idan saurayi zai yi wa budurwa kyauta, makullin mota yake miƙa mata a cikin ɗan ƙaramin akwati mai jan ƙyalle, ko zobe da aka ɓoye a tsakiyar fure. Tun ina 'yar sakandare nake karɓo hayarsu a wani shago da ke bayan kasuwar Sabon Gari, in cusa su cikin littafin darasi in yi ta karatu, Umma na wucewa tana sa mini albarka. Saboda haka na san yadda abin ya kamata ya gudana. Shi zai dube ta da lumsassun idanu, ita ta sunkuyar da kai tana wasa da gefen mayafi, iska ta kaɗa labule ko da kuwa tagar a rufe take.

Nawa mutumin malamin lissafi ne a wata makarantar sakandare a Samaru. Babur gare shi, mai yin tari kafin ya tashi. Idan ya zo zance gidanmu a Dogarawa, da zarar an gama gaisuwa tambayarsa ta farko ita ce ina na kai a furojet ɗina. A lokacin ina shekarar ƙarshe a jami'a, ina haɗa taswirar gonakin da ke kewaye da Bomo, aikin da ba ya yiwuwa sai da kwamfuta mai ƙarfi. Ni kuwa ko marar ƙarfin ba ni da ita. Layi nake bi a sashenmu, in samu kujera bayan azahar, ina fara ɗora taswira a ɗauke wuta. Nakan ba shi wannan labari ne don ya ce mini sannu da irin muryar da ake kwatantawa a littafi. Sai ya yi shiru na ɗan lokaci, sannan ya tambaye ni girman fayil ɗin.

Ranar da danginsa suka kawo lefe, ina can ƙuryar ɗaki kamar yadda aka san amarya da yi. Na ji guɗarsu, na ji gaishe-gaishe, na ji fitarsu. Bayan sun tafi ne Gwaggo ta zauna duba kaya.

Gwaggo yayar Baba ce, a Zabi take zaune, kuma ba a buɗe akwatin aure a danginmu sai tana wurin. Tana da hanyar gwada komai. Atamfa, ta jiƙa gefenta da ɗan ruwa ta goga a farin hankici ta ga ko za ta zuba. Leshi, ta ɗaga shi saitin ƙofa ta bi zaren da ido. Takalmi ta lanƙwasa shi ta saurari kukansa. Sarƙa ta ɗora a tafin hannu ta rufe ido. Turare kuwa ba ta yanke masa hukunci nan take. Sai ta ɗiga a bayan hannu ta ci gaba da aikinta, can anjima ta koma ta shinshina ta ji ko yana nan ko ya gudu.

Kayan suka yi ta wucewa lafiya. Ta yaba atamfofin, ta ce wadda ta zaɓo mayafan tana da ido. Sai a ƙasan akwatin ƙarshe ta ci karo da wani abu mai nauyi a naɗe cikin sabon tawul. Ta warware. Kwamfuta ce ta ɗorawa a cinya, baƙa, da cajarta a ɗaure da roba. Ba kwali, ba leda.

Ina laɓe a bayan labule, zuciyata ta yi duk abin da zuciya ke yi a littafi. Ashe duk shirun nan da yake yi yana sauraro. Ashe tambayar girman fayil ita ce tasa waƙar. Na jingina da bango na lumshe ido, na soma tsara yadda zan ba jikokina labari.

Gwaggo dai ba ta lumshe ido ba. Ta juya kwamfutar, ta sa yatsa a kan wani karce da ke kusurwa. Ta buɗe ta. Wasu madannan sun yi sulɓi suna sheƙi, har rubutun kansu ya soma gogewa, kuma wurin da ake ɗora hannu ya yi laushi irin na tsohuwar muciya. Ta kai ta hanci ta shinshina. Sannan ta rufe a hankali ta dubi Umma.

"Wannan ta yi gidan wani," in ji ta.

A wurinmu ba a sa abin da wani ya taɓa mora a cikin lefe, ko da allura ce. Ranar ganin kaya matan unguwa za su cika ɗaki, kowace ta ɗaga ta juya, kuma abin da suka gani shi za su kai gidajensu. Gwaggo ta ce ba za ta zauna a ce an sa wa 'yar ƙaninta gwanjo a akwati ba. Za ta mayar da abin cikin tawul ɗinsa, ta aika gidan mahaifiyar ango da saƙo mai ladabi, tun kafin ƙarshen mako da aka sa don ganin kaya.

Na san abin da mayar da kaya daga cikin lefe yake nufi, komai ladabin saƙon. Matan da suka ɗauko akwatunan nan da guɗa za su ji kamar an watsa musu ruwa a fuska. Mahaifiyarsa, wadda zan je in zauna kusa da ita, da wannan za ta fara sanina. Shi kuma za a ce bai san al'ada ba, ko a ce rowa ce. Na dubi Umma ta tsakanin labule. Ni ce 'yar farinta, ko sunana ba ta faɗa, balle ta shiga maganata a gaban yayar mijinta. Ta ci gaba da ninke mayafi kamar a wani gari ake zancen.

Sai kawai na fito. Gwaggo ta kalle ni sama da ƙasa ta ce lallai amaren yanzu kunyarsu a waya take. Na durƙusa na ce mata wannan kwamfutar ta fi sabuwa. Ta tambaye ni wa ya gaya mini. Gaskiya ba wanda ya gaya mini, don haka na ce jikina ne ya ba ni.

"Jikin naki ai shi ya ba ki mai babur," ta ce. Har Umma sai da kafaɗarta ta motsa.

Amma Gwaggo ba azzaluma ba ce, mai gwaji ce kawai. Ta ce kowane kaya a duniya yana da yadda ake gane lafiyarsa. Idan wannan ma tana da nata, in nuna mata da idonta kafin ranar ganin kaya. In ba haka ba, tawul ɗin yana nan.

Da na kira angon a waya, na yi tsammanin zai girgiza. A littafi nan ne jarumi yake cewa zai tsaya gaban duniya duka saboda ni. Shi kuwa cewa ya yi e, ta hannu ce, ai bai ɓoye ba. Sababbin da ya iya kaiwa gare su kyau kawai gare su, taswira ɗaya za ta durƙusar da su. Wannan kuwa irin wadda ma'aikatu ke saya ce, an yi ta don wahala. Na tambaye shi me ya sa bai ba ni a hannu ba sai ya jefa ta cikin akwati. Ya ce ya ga duk abin da ke da muhimmanci a akwatin ake sawa. Na yi ta juya maganar, ina neman inda zan ajiye ta, don ta yi kama da kalaman soyayya amma da muryar mai bayanin darasi ya faɗe ta. Kafin in gama ya ƙara da cewa ba sai na yarda da shi ba, in tambayi kwamfutar da kanta, tana da inda take faɗin halin da take ciki. Shi dai ango ba ya shiga sha'anin lefe, kuma ga shi ana jarrabawa a makarantarsu.

Washegari na saka ta a jakar goyo na hau Keke zuwa Sabon Gari wurin wata ƙawata. Tare muka yi shekarar farko a ɗaki ɗaya a Samaru, ita tana karanta kimiyyar kwamfuta. Iyayenta daga kudu suka zo, amma a Zariya aka haife ta, kuma idan ta so zagi Hausarta ta fi tawa kaifi. Babanta yana sayar da kayan gyaran mota, mamanta na da shagon kayan masarufi a ƙofar gida. A shagon na same su, rediyo na yi, masu saye na shiga da fita ana ciniki rabi da Hausa rabi da Turancin buroka.

Da na ba su labari, mamanta ta kasa gane inda matsalar take. A gidansu tokumbo, wato kayan hannu na ƙasar waje, yabo ne. Sabon abu shi ake wa kallon tuhuma, don yana iya zama jabu, amma wanda ya yi aiki a ƙasar waje ya iso nan da ransa ai ya riga ya ba da shaida. Ta ce 'yata, mutumin da ya bar mai ƙyalli ya ɗauko mai ƙarfi, ki riƙe shi da hannu biyu. Na ce Mama, ni na riƙe, Gwaggo ce ba ta riƙe ba.

Ƙawata ta share kan wani benci, ta ɗora kwamfutar, ta kunna. Ta ɗan jima kafin ta farka sosai. Sai ta danna wasu madannai uku tare a gefen hagu, wata taga ta buɗe, wadda su a ajinsu suke kira tas-manaja. Ta ce ba sai an sayo komai ba, ba sai an kai wa mai gyara ba, da wannan ake haihuwar kowace kwamfuta. Ta shiga shafin da ke nuna aikin injin. Wani fili ne mai ƙananan murabba'ai kamar takardar lissafi, da siririn layi yana tafiya daga dama zuwa hagu, yana hawa yana sauka.

Ta yi mini bayani irin na wanda ya san ɗalibarsa ba ta nan gaba ɗaya. Layin farko na furosesa ne, wato ƙwaƙwalwar da ke yin aikin, idan ya hau sama tana shan wahala ke nan. Na biyu na ram ne. Ta nuna mini teburin mamanta ta ce kamar wannan ne, in yana da faɗi ka baza kaya da yawa lokaci guda, in ƙarami ne sai ka yi ta ɗaukewa kana ajiyewa. Tawa, in ji ta, teburinta ya fi na tata faɗi, kuma ta faɗi haka da ɗan jin haushi. Na uku na ma'ajiya ne, inda fayiloli suke kwana, ta ce irin mai saurin ce, ba irin tsohuwar da ke juyawa tana ƙara ba.

Ni dai layin nake kallo. Na ce mata ya yi kama da bugun zuciyar masoyi. Ta ce amarya, ki dawo duniya, wannan hakin banza ne. Ta buɗe wani shafin ta nuna mini tarin manhajojin da ke tashi da kansu duk lokacin da aka kunna kwamfutar, kowace tana jan rabonta ba tare da an gayyace ta ba, kamar 'yan cin shinkafar biki. Ta bi su tana kashewa. Sannan ta sa kwamfutar ta binciki ram ɗinta da kanta. Fuskar kwamfutar ta koma shuɗiya, wani rubutu ya yi ta tafiya a hankali, mu kuma muka ci doya da miyar da mamanta ta zubo mana. Da ta gama ba ta sami aibu ba.

Batir ne kaɗai ya ba da kunya. Ƙawata ta buɗe wata baƙar taga, ta rubuta ɗan gajeren umarni, sai ga shafi ya fito yana nuna ƙarfin da aka yi batirin da shi da kuma wanda ya rage masa yanzu. Ya zubar da wani kaso mai ɗan dama. Ta ce wannan ya ga duniya, amma zai kai ni daga ɗauke wuta zuwa tada janareta, in dai masu janaretan ba su tsaya gardama ba.

Da ta sake kunna ta, ta farka nan da nan. Ta buɗe tagar nan kuma. Wannan karon layin ya sauko ya kwanta can ƙasa, yana tafiya lumui, sai ɗan motsi jefi-jefi.

"Kin gani? Haka ake so," ta ce. "Ba ta ko jin an kunna ta. Ki nuna wa tsohuwa wannan, ki ce mata ga lafiya nan a kwance."

Ta sa na maimaita madannan har hannuna ya riƙe. A Keke kan hanyar komawa na tsara komai. Zan zauna a natse, in buɗe, layin ya fito a kwance kamar tafki da safe. Gwaggo za ta dube shi, ta dube ni, idanunta su ciko. Za ta ce 'yata, na yi kuskure. Har na zaɓi mayafin da zan yafa.

Bayan la'asar Gwaggo ta zo, ana jibi ganin kaya. Muka zauna a ɗakin Umma, akwatunan na jere a bango. Gwaggo ta ce kada a ajiye abin a ƙasa, ko ba komai daga lefe ya fito, ta sa aka ninka wani bargo mai kauri a kan katifa aka ɗora kwamfutar a kai. Ta gyara tabaranta ta matso. Umma ta zauna a bakin ƙofa da faranti tana tsince shinkafa, wai ita ba kallo take ba.

Na danna madannan. Tagar ta buɗe. Layin ya fito daidai yadda muka bar shi, a kwance can ƙasa, ko gezau. Na soma jawabin da na haddace. Na ce wannan layin shi ke nuna yadda cikinta yake aiki, kuma kamar yadda Gwaggo take gani da idonta, ga shi nan shiru, bai ko motsi.

Ban kai ga maganar tebur ba na lura ba ta saurarona. Ta cire tabaran ta riƙe a hannu. Ta yi salati a hankali, irin wanda ake yi idan an ji labarin rasuwa daga nesa.

"Rufe," ta ce.

Na ce Gwaggo ai ban gama ba. Ta ce ita ta gama. Ta ce ta san wannan allon, ba yau ta fara ganinsa ba. Irinsa ne aka rataye a saman gadon Malam, mijinta, a asibiti, a ciwonsa na ƙarshe. Ta zauna a gabansa har ta iya karanta shi ba wanda ya koya mata. Muddin layin na tsalle, ma'aikatan jinya wucewa kawai suke yi suna gaishe ta. Ranar da layin ya kwanta, a guje suka shigo, suka ce ta fita waje.

"Ni za ki nuna wa layi a kwance ki ce mini lafiya?"

Hannun Umma ya tsaya a cikin shinkafa. Ina ƙarama Malam ya rasu, abin da nake tunawa da shi kawai alewar da yake fitarwa daga aljihu. Ban taɓa jin Gwaggo ta yi zancen kwanakin nan ba sai ranar, kuma ba da kuka ta yi shi ba. Da irin muryar da take cewa atamfa za ta zuba ta yi shi.

Na yi ƙoƙarin bayani. Na ce wannan daban ne, a nan kwanciyar ita ce alamar ƙarfi, ma'ana aikin bai dame ta ba. Ta ce haka ne, wanda ya tafi ai ba abin da ke damunsa. Ta miƙa hannu ta jawo tawul ɗin daga kan akwati ta soma shimfiɗa shi a cinyarta.

A littafi, a daidai nan ne ake jin tsayuwar mota a ƙofar gida. Na kasa kunne. Mai sayar da kankana ne kawai yake wucewa da baro.

Ban san lokacin da hannuna ya koma kan madannan ba. Idan tsalle Gwaggo take so, to sai a nemo mata tsalle. Na buɗe babbar taswirar Bomo da na kwafa a ranar, wadda kwamfutocin sashenmu suke suma a kanta. Ban jira ta gama ba na buɗe ta biyu. Na buɗe hotunan gonaki gaba ɗaya. Na kunna bidiyon kamun wata 'yar ajinmu, na kunna na walimarta a kansa, na koma na tayar da duk manhajojin da ƙawata ta kwantar jiya, ɗaya bayan ɗaya. Na dawo da tagar gaba.

Layin ya miƙe kamar an tsikare shi. Ya hau, ya faɗo, ya sake hawa har ya kusa taɓa rufi, ya yi ta zana haƙoran zarto. Na ram ma ya kumbura. Bargon da ke ƙarƙashi ya toshe mata hanyar iska, don haka fankar cikinta ta tashi da ƙugi, ga kiɗan kamu na fita ta wani gefe. Da ƙawata na wurin da ta ƙwace kwamfutar ta rungume.

Gwaggo ta mayar da tabaranta. Ta matso har hancinta ya kusa taɓa gilashin. Ta bi layin da yatsa, sama, ƙasa, sama, leɓenta na motsi. Sai ta ji iska na taɓa mata gwiwar hannu. Ta nemi inda take fitowa, ta kai bayan hannunta gefen kwamfutar ta bar shi a nan, yadda ake yi wa goshin yaro.

"Da ɗuminta," ta ce. "Tana numfashi."

Na ce e, Gwaggo.

"To da me ya sa kika nuno mini ita tana barci?"

Umma ce, ba tare da ta ɗago daga farantinta ba, ta ce ai mai ita ma haka take, sai an tashe ta.

Gwaggo ta ci gaba da gwajinta, don ba ta yarda da gani ɗaya. Ta sa na rufe komai, layin ya sauko, ta ɗaure fuska. Ta sa na sake buɗewa, ya hau, ta gyaɗa kai. Ta tambaya ko taswirar nan ita ce aikin da nake ta kuka a kai, na ce ita ce. Na matso mata da ita, na nuna mata titin Samaru da rafin da ke bayan gonaki, ta gane wata gona da ta ce ta dangin kishiyar kakarmu ce, ta tsaya ba mu tarihin rigimar iyakarta. Duk wannan lokaci taswirar ba ta tsaya ba ko sau ɗaya, kuma ta lura da haka.

Can ta tambaye ni ko akwai abin da na ɓoye mata. Na yi niyyar cewa babu, amma idonta a kaina yake. Na buɗe mata shafin batir na ce ga ƙarfin da aka yi shi da shi, ga wanda ya rage, ya ragu ba kaɗan ba. Na jira ta jawo tawul.

"Wa bai ragu ba?" ta ce. Ta shafa gwiwarta.

Ta daɗe tana kallon layin. Sannan ta yanke hukunci, kuma Umma ta yi wa magana, ba ni ba. Ta ce al'ada al'ada ce, abin da ya yi gidan wani ba zai kwana a akwatin lefe ba, wannan ba ta canza ba. Amma ba za a mayar ba. Mai rai ba a mayar da shi a tawul. A samo ƙaramin tebur a ajiye gefen akwatuna, a shimfiɗa masa leshi, a ɗora ta a kai. Na yi ƙarfin hali na ce leshin zai toshe mata iska. Ta ce to a ɗora ta a kan faranti, a sa leshin a ƙarƙashin farantin, kuma in daina yi mata gyara a gaban uwata.

Ranar ganin kaya ɗakin ya cika tun hantsi. Ni da ya kamata in ɓuya, Gwaggo ta zaunar da ni kusa da teburin da mayafi har hanci, don ni kaɗai na san madannan. Duk ayarin da ya gama juya atamfofi da takalma sai ta yafito su. Ta ce in tashe ta. In buɗe taswira da bidiyo, layin ya hau, fanka ta ɗauka, ita kuma ta yi musu bayani da kanta, tana nuna sama da ƙasa da yatsa kamar likitan da ya daɗe a aiki. Wasu suka ce ikon Allah. Wata ta tambaya ko tana auna hawan jini.

Akwai wata maƙwabciyarmu da ba a taɓa ganin lefen da ya gamsar da ita ba. Ta bar kowa ya gama, sannan ta sunkuya ta sa farce a kan karcen nan na kusurwa, ta dubi madannan da suka goge, ta ɗago tana murmushi.

"Hajiya, wannan sabuwa ce kuwa?"

Kowa a ɗakin ya juyo yana kallon Gwaggo.

"Bazawara ce," in ji Gwaggo. "Kamar ni da ke." Ta kamo hannun matar ta kai shi gefen da iska ke fita. "Taɓa nan ki ji."